Ƙwayar cuta ce ke kisa, ko ɓarnar da take haddasawa a jiki?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga likitoci da malaman kimiyyar da ke cikinmu, kuma ta daɗe tana cin raina tun lokacin da mashaƙo ya yi tsanani a Kano a shekarar 2023. A unguwarmu akwai gidan da yara suke kwana ɗaki ɗaya, suke shan ruwa da moɗa ɗaya, amma ɗaya tak ya kamu, sauran ko mura ba su yi ba. Shi kuma wanda ya kamu an kai shi asibiti, an yi masa allurai, maƙogwaron ya washe har ya fara cin abinci, sai bayan kamar mako biyu ya yanke jiki ya faɗi, aka ce zuciyarsa ce ta gaza. Idan ƙwayar cuta ce, kuma tana bin numfashi kamar yadda aka yi ta sanarwa a rediyo, me ya hana ta kama sauran? Idan kuma allurar ta kashe ƙwayar, mene ne ya yi ajalin yaron, kuma me ya haɗa ciwon maƙogwaro da zuciya?

Malama Nas:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yaron, ya ba iyayensa haƙuri. Kafin Likita ya yi bayani, bari in faɗi abin da muke gani da idonmu. Idan aka haska fitila cikin bakin yaro mai mashaƙo, a can bayan maƙogwaro ana ganin wani tantani mai kauri, launin toka-toka, wanda ya manne sosai, idan aka yi ƙoƙarin kankare shi sai jini ya biyo baya. Wuya yakan kumbura ta gefe biyu, murya ta dishe, numfashi ya riƙa fita da ƙara. Zazzaɓin sau da yawa ba shi da zafi ƙwarai, kuma wannan ne yake yaudarar iyaye, har su fara da kemis, wasu ma su kai wa wanzami bisa zaton hakin wuya ne. Yawancin waɗanda suka fi ba mu wahala, sai da suka yi kwanaki a gida kafin a kawo su.

Likitan Yara:
Amin, Malama. Baban Hanifa, zan fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce take nuna yadda al'amarin yake tafiya. Ƙwayar cutar mashaƙo bakteriya ce, kuma ba ta cika barin inda ta sauka ba. Tana zaune a maƙogwaro tana hayayyafa, tana kuma fitar da wani dafi, kuma dafin ne yake yawo a jiki. Idan ya kutsa cikin ƙwayar halitta, wato ɗaya daga cikin ƙananan tubalan da aka gina jiki da su, sai ya tsayar da aikin ƙera furotin, wanda babu ƙwayar halittar da za ta rayu ba tare da shi ba. A maƙogwaro, ƙwayoyin halittar da suka mutu ne suke cakuɗuwa da fararen ƙwayoyin jini da bakteriyar kanta su zama wannan tantanin da Malama ta kwatanta, wanda yake iya toshe hanyar iska gaba ɗaya. Dafin da jini ya ɗauka kuwa yana kaiwa ga tsokar zuciya da jijiyoyi da ƙoda, kuma ɓarnar da ya yi a can ba ta bayyana nan take. Ta zuciya takan fito bayan mako ɗaya ko biyu, ta jijiyoyi kuma tana iya ɗaukar makonni, inda za a ga yaro yana magana ta hanci, ko ya sha ruwa ya dawo masa ta hanci saboda ganɗarsa ta saki.

An daɗe da gano wannan. A shekarar 1884 Friedrich Loeffler a Jamus ya raini bakteriyar a ɗakin gwaje-gwaje, ya kuma lura cewa a jikin dabbobin da ya sa wa, tana tsayawa a wurin da aka sa ta alhali gaɓoɓin da ke nesa suna lalacewa. A 1888 Emile Roux da Alexandre Yersin a Cibiyar Pasteur da ke Faransa suka tace ruwan da aka raini bakteriyar a ciki har babu ko guda da ta rage, suka yi wa dabbobi allurar ruwan zalla, sai ga alamomin cutar sun bayyana. Daga nan Emil von Behring ya samar da maganin da ke karya dafin, abin da ya sa aka ba shi lambar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901.

Shi ya sa mai mashaƙo yake buƙatar magani iri biyu. Antibayotik, irin su fenisilin, yana kashe bakteriyar ya hana ta ƙara fitar da dafi. Amma wanda ya zuba guba a rijiya, ko an kama shi an ɗaure, ruwan ya riga ya gurɓata. Maganin karya dafin, wanda har yau daga jinin doki ake samar da shi, yana kama dafin da yake yawo a cikin jini ne kawai, wanda ya riga ya shige cikin ƙwayoyin halitta ya kuɓuce masa. Saboda haka ne ba ma jiran sakamakon gwaji kafin mu bayar da shi, kuma saboda haka ne kowace kwana ɗaya da aka ƙara a gida take da tsada.

Ɗan Maraɗi:
Likita, Allah ya saka da alheri, bayanin ya gamsar. Mu ma a Nijar mun ga wannan cuta a 2023, musamman a yankin Matamaye na jihar Damagaram, wanda yake kan iyaka. Sai dai tambayar farko tana nan ba a taɓa ta ba, kuma ita ce mutanen karkara suke kafa hujja da ita. Idan ka ce musu cutar tana yaɗuwa, sai su nuna maka uwar da ta yi jinyar ɗanta dare da rana ba ta kamu ba, su ce ai jinin wani ya fi na wani ƙarfi, abin da aka rubuta wa mutum kuma ba ya wuce shi.

Malamin Bayoloji:
Ɗan Maraɗi, babu Musulmin da zai yi jayayya da ƙaddara, amma ƙaddara tana zuwa da sababi, kuma sababin ne muke magana a kai. Abu na farko, rashin kwanciya ciwo bai nuna cewa ƙwayar ba ta shiga jikin mutum ba. Da an goge maƙogwaron sauran yaran gidan da auduga an kai ɗakin gwaji, ba abin mamaki ba ne a samu bakteriyar a jikin wasunsu, suna cin abincinsu suna wasansu, suna kuma iya sa wa wani. Shigar ƙwayar cuta daban, ciwo daban. An ƙiyasta cewa jikin baligi yana ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, akasarinsu a cikin hanji, kuma mafi yawansu ba sa cutarwa, hasali ma suna cike gurbin da masu cutarwa za su so su zauna.

Kafin ƙwaya ta kwantar da mutum sai ta tsallake matakai da yawa. Dole ta samu ƙofa, ko ta hanci, ko ta baki, ko ta rauni, ko ta cizon ƙwaro. Dole ta zo da yawan da zai isa, domin majina da siraran gashin da ke share hanyar numfashi da tsamin ruwan ciki suna hallaka da yawa tun a bakin ƙofa. Dole ta iya mannewa a jikin ƙwayoyin halitta, in ba haka ba a wanke ta. Sannan dole ta kasance tana da makamin ɓarna. A nan akwai wani abin ban mamaki game da mashaƙo, domin ba kowace bakteriyar mashaƙo ce take iya yin dafi ba. A 1951 aka gano cewa sai wadda wani bairos (ƙwayar cuta da ta fi bakteriya ƙanƙanta) mai afka wa bakteriya ya shige ta, ya bar mata umarnin ƙera dafin a cikin halittarta. Wato ita kanta sai ta kamu kafin ta zama mai kisa.

Maganar ƙarfin jini kuwa tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba gado ba ne kawai. Rigakafin mashaƙo dafin ne da kansa, wanda aka kashe kaifinsa da sinadari, hanyar da Gaston Ramon ya fito da ita a 1923. Yana cikin allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14. Jikin da ya san dafin yana da sinadaran garkuwa da ke jiransa, saboda haka ko bakteriyar ta sauka a maƙogwaro, dafinta ba ya kaiwa ko'ina. Da ni ne Baban Hanifa, katin rigakafin yaran gidan zan fara neman gani.

Alhaji Dattijo:
Malam, na bi bayaninku daga farko, kuma ban ƙi maganar mashaƙo ba. Amma ku 'yan boko kuna son ku jingina komai ga ƙwayar cuta. Sanƙarau fa? Tun muna yara muka san zafi ne yake kawo shi. Na ga annobar 1996 da idona, lokacin da ake shimfiɗa marasa lafiya a ƙasa saboda gadaje sun ƙare. Yana zuwa ne daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara, kuma da zarar ruwan farko ya sauka sai ya ɗauke kamar an yi masa tsawa. Ruwa ba ya tsami banza. Ita ƙwayar cutar lissafin watanni take yi, ko damina take tsoro?

Likitan Yara:
Ranka ya daɗe, Alhaji, abin da ka lura da shi daidai ne, kuma masana sun daɗe da lura da shi. Akwai wani zirin ƙasashe daga Senegal zuwa Habasha, wanda arewacin Najeriya da Nijar da Chadi suke tsakiyarsa, inda sanƙarau yake tashi a lokacin rani ya lafa da saukar ruwa. A annobar 1996 zuwa 1997 sama da mutum 250,000 ne suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu. Inda muka rabu shi ne matsayin zafin. Bakteriyar sanƙarau ba ta tafiya ko'ina da damina. Tana nan a bayan hancin mutane masu lafiya, kimanin mutum ɗaya cikin goma a kowane lokaci, tana wucewa daga wannan zuwa wancan ta tari da atishawa ba tare da kowa ya sani ba. Abin da rani yake yi shi ne buɗe mata ƙofa. Busasshiyar iska da ƙura suna busar da fatar cikin hanci da maƙogwaro su tsattsage ta, mura takan ƙara, ga kuma cunkoson kwana a ɗaki ɗaya, sai bakteriyar ta samu hanyar ratsawa cikin jini.

Daga nan salonta ya bambanta da na mashaƙo. Ita tana da wani kwanso da ya lulluɓe ta, wanda yake hana fararen ƙwayoyin jini haɗiye ta cikin sauƙi, don haka take hayayyafa a jini har ta tsallaka zuwa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Kuma a nan, Alhaji, babban kaso na ɓarnar daga jikin mutum kansa yake fitowa. Garkuwar jiki tana jin bakteriyar sai ta afka wa wurin da dukkan ƙarfinta, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi, mugunya ta taru, wurin ya kumbura. Kumburi a hannu ko ƙafa yana da inda zai faɗaɗa, amma ƙoƙon kai ba ya buɗewa, sai matsin ya koma kan ƙwaƙwalwa. Sanƙarewar wuya da ciwon kai da ƙin haske duk daga wannan kumburin suke, haka ma kurumtar da wasu suke tashi da ita bayan sun warke.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac, wanda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, a Najeriya kuma a 2011. Zafin bazara bai ragu ba, ƙura ba ta daina tashi ba, amma nau'in A na bakteriyar, wanda shi ne ya yi ɓarnar 1996, ya kusa ɓacewa. Wanda ya tashi a Yamai a 2015 da Zamfara a 2017 nau'in C ne, wanda wancan rigakafin bai shafe shi ba.

Alhaji Dattijo:
To, Likita, ka ga ke nan zafin ma yana da hannu, ba mu yi ƙarya ba. Amma idan har ƙwayar tana zaune a hancin masu lafiya, kuma kun san maganinta, me ya hana gwamnati ta raba wa kowa kafso da zarar hunturu ya kama, a kashe ta tun kafin ta shiga jini?

Ɗan Maraɗi:
Alhaji, an taɓa gwada wani abu mai kama da haka a nan kusa da mu. A 2017, lokacin da sanƙarau ya ɓarke a yankin Madarunfa, an yi bincike inda aka ba mutanen wasu ƙauyuka gaba ɗaya ƙwayar antibayotik mai suna siprofuloksasin sau ɗaya bayan an samu mai cutar a garin, kuma an ga kamuwa ta ragu a waɗannan ƙauyukan. Amma a tsakiyar annoba aka yi, ƙarƙashin kulawar likitoci, ba a matsayin abin da za a riƙa yi kowace shekara ba.

Malamin Bayoloji:
Ni kuwa ba na goyon bayan a mayar da wannan al'ada. Antibayotik ba ya tantance mai laifi da marar laifi, yana share bakteriyar hanji masu amfani tare da wadda ake nema, waɗanda suka tsira kuwa su ne masu taurin kai, kuma su ne za su hayayyafa su gaji wurin. Wanda aka share wa hanci yau yana iya sake ɗauka bayan 'yan makonni daga maƙwabcinsa. Mun riga mun yi yawa wajen shan kafso. Ko amai da gudawa aka yi, abin da mutane suke fara nema ke nan, alhali ni a ganina a cutar kwalara ba shi da wani amfani, ruwa ne magani.

Malama Nas:
Malam ya taɓo inda na fi sani. Duk wanda ya yi aiki a sansanin kwalara, kamar a 2021 da aka samu sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, ba zai manta da gadon nan mai rami a tsakiya da bokiti a ƙarƙashinsa ba. Zawon ba shi da launin bayan gida, fari ne tsululu irin ruwan da aka wanke shinkafa, kuma babban mutum yana iya zubar da kusan lita guda a cikin awa ɗaya. Idanu su faɗa, yatsu su yamutse, idan ka tsunkuli fatar ciki sai ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Amma bakteriyar ba ta huda hanji ba, ba ta shiga jini ba, shi ya sa yawanci babu jini a zawon, babu kuma zazzaɓi. Tana manne ne a bangon ƙaramin hanji tana fitar da dafin da yake sa ƙwayoyin halittar wurin su yi ta tura gishiri waje, ruwa kuma ya bi gishirin. Mutum yana mutuwa ne da ƙarewar ruwa. Abin da ya cece mu shi ne dafin bai taɓa hanyar da hanji yake tsotsar gishiri tare da sukari ba, don haka idan aka haɗa su a ruwa mai tsabta, hanjin yana karɓa ko da zawon bai tsaya ba. Na ga wanda aka kawo ranga-ranga ba a jin bugun jininsa a hannu, aka sa masa ƙarin ruwa, kafin la'asar yana zaune yana neman koko.

Likitan Yara:
Na yarda da Malama gaba ɗaya, amma Malam, ban yarda da cewa ba shi da amfani ko kaɗan ba. Ruwa ne yake ceton rai, kuma da shi mace-macen kwalara suke sauka ƙasa da ɗaya cikin ɗari. Sai dai ga wanda cutar ta yi wa tsanani muna ƙarawa da antibayotik, domin yana rage yawan zawon da tsawon kwanakinsa, yana kuma rage bakteriyar da mutum yake zubarwa. Kuskuren shi ne a sha kafso a kwanta a gida ana jiran zawo ya tsaya.

Ɗalibar Jami'a:
Malamaina, ina neman ƙarin haske. Duk cututtukan da aka kawo na bakteriya ne, kuma kowace ko dafi take fitarwa ko kumburi take tayarwa. An koya mana cewa bairos ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya kuma hayayyafa shi kaɗai. To da me yake cutarwa? Sannan idan antibayotik ba ya taɓa shi, me ya sa nake ganin ana rubuta wa yara masu ƙyanda shi?

Likitan Yara:
'Yata, bairos ba shi da injin kansa, saboda haka yake shiga cikin ƙwayar halittar mutum ya juya ayyukanta zuwa ƙera irinsa, har ta gaji ta mutu, ko kuma garkuwar jiki ta gane cewa an shige ta ta hallaka ta da kanta. Kowane bairos yana da irin ƙwayar halittar da yake iya buɗewa, kuma wannan ne yake tsara irin ciwon da zai kawo. Na shan inna yana hayayyafa a hanji, a 'yan kaɗan daga cikin waɗanda ya kama ne yake kaiwa ga jijiyoyin laka masu motsa gaɓoɓi. Na ƙanjamau fararen ƙwayoyin jinin da ke jagorantar garkuwa yake nema.

Na ƙyanda yana shiga ta numfashi, kuma masaukinsa na farko shi ne ƙwayoyin garkuwar jiki, su ne suke ɗaukarsa su zagaya da shi. Ƙurajen da ake gani suna fesowa daga bayan kunne da fuska su gangara jiki alama ce ta garkuwa tana yaƙar ƙwayoyin halittar fata da suka kamu, shi ya sa mai raunin garkuwa ƙwarai yana iya yin ƙyanda mai tsanani ba tare da ƙurajen sun fito ba. A cikin wannan yaƙin bairos ɗin yana hallaka da yawa daga ƙwayoyin da suke riƙe da tarihin cututtukan da yaro ya taɓa haɗuwa da su, sai ya tashi daga ƙyanda jikinsa ya manta da wasu abokan gabar da ya riga ya sani. A wannan gaɓar ce bakteriyar da take zaune lafiya a hancinsa take gangarawa huhu ta zama namoniya, ko ta shiga kunne ya fara zubar da mugunya, ko zawo ya kama shi. Idan kin ga an rubuta antibayotik ga mai ƙyanda, to waɗannan ake nufi, kuma sai an ga alamarsu ya dace a rubuta. Abin da muke ba kowane yaro mai ƙyanda shi ne bitamin A, kashi ɗaya ranar da aka gano cutar, wani kuma washegari, domin cutar tana ƙarar da wanda yake jikinsa, kuma ƙarancinsa ne yake lalata idon wasu yaran har su makance.